Tudu Bakwai Tsakanin Gidanmu da Asibiti

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka rufa mini asiri ka cire sunana, don na san akwai 'yan Adjamé a nan da za su gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi shekara yana cina, ko matata ban faɗa wa ba.

Ni mai sayar da nama ne, na haura hamsin, a unguwar Bromakoté ta nan Adjamé aka haife ni, iyayenmu daga Nijar suka zo. Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da Yayana. Shi ya koya mini sana'a, shi kuma ya sa mini ciwon mota. Tun muna samari muka sayi wata tsohuwar mota a kas, inda ake farfasa motoci ana sayar da kayansu. Kowa ya ce mun sayo gawa. Sama da shekara ashirin muna kanta, duk Lahadi, a wani lungu bayan magazan, wato shagon ajiyar kaya, na wani abokinmu a unguwar Treichville, kusa da tashar jiragen ruwa. Fenti ya canza ban san sau nawa ba, mun sa mata janti masu faɗi, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, mun huda salansa har sai da 'yan unguwa suka koma gane mu tun kafin mu shawo kwana. Daga baya muka cire kujerar baya gaba ɗaya muka jera lasifika. Sai Yaya da hannunsa ya yanke resor ɗinta, ƙarfen nan mai murɗe da ke ɗaga mota, ta kwanta ƙasa, tafin hannu da ƙyar yake shiga ƙarƙashinta. Wallahi ranar har rawa muka yi, manya da mu, da gemu.

Wanda bai taɓa riƙe kwantacciyar mota ba ba zai gane ba, sai na yi bayani. Irin wannan mota ba a hawa tudun rage gudu da ita kai tsaye, cikinta zai daki siminti. Sai ka kusa tsayawa cak, ka karkata ta, ƙafa ɗaya ta hau, sannan ɗayar, kamar tsohuwa na tsallake kwata. Na baya su yi ta hon, kai ko a jikinka. Shekara da shekaru haka nake yi, har ya zama ba ni nake yi ba, hannuna ne.

Bara, wata ranar Talata bayan la'asar, Yaya ya faɗi a tsakar gida riƙe da ƙirji. Matarsa tana kasuwa. Wani maƙwabcinmu ya ruga zai tsayar da taksi, na daka masa tsawa na ce wane taksi, ga mota a ƙofa wadda ta fi kowace gudu. Sai da muka ɗauko shi na tuna babu kujerar baya. A ƙasa muka kwantar da shi, tsakanin lasifika, babu wurin da wani zai zauna ya riƙe masa kai. Ni da shi kaɗai muka tafi.

Jama'a, tsakanin gidanmu da asibitin akwai tudu bakwai. Ban taɓa ƙirga su ba sai bayan ranar. A kowane ɗaya sai da na rage gudu, na karkata motar, na haura a hankali. Yayana yana baya yana neman numfashi, ni kuma ina lallaɓa ƙarfe! Ban yi niyya ba, Allah shi ne shaida, sai a na biyar na farga da abin da nake yi, kuma duk da haka a na shida da na bakwai ƙafata ta sake taka birki. Ko da muka isa aka buɗe ƙofa, ya riga ya cika.

Na san kwana ne ya ƙare, don Allah kar ku cika mini wurin sharhi da wannan, ni ma Musulmi ne. Ban tambayi likita ko da mun zo da wuri zai rayu ba, tsoron amsar nake. Abin da ya fi damuna shi ne, ina jin kamar a hanya na ji Yaya ya ce, "Yi a hankali, za ka karce ta." Haka yake ce mini kullum. To ban sani ba, ya faɗa ne da gaske a ranar, ko ni ne na ƙirƙira daga baya don in samu sauƙi? Wani lokaci in rantse na ji, wani lokaci in ce ƙarya nake wa kaina. Yanzu ko gbaka na shiga, ƙaramar bas ɗin haya, da ta hau tudu sai in waiwaya baya.

A wurin zaman makoki mutane suka yi ta ce mini yako, gaisuwar ta'aziyyar nan garin, suna yaba mini, wai na yi ƙoƙari, wai da ba don motar ba da ko ƙofar asibiti bai gani ba. Ni kuwa ina ta cewa amin.

Tun daga ranar ban tayar da ita ba. Na sa an ja ta zuwa lungunmu na Treichville, duk Lahadi nakan je in yaye tampol, in goge ta, in zauna a ciki har azahar. Matata ta gaji, mun yi faɗa sosai a kai, ta ce na mayar da mota kabari ina kai mata ziyara, ko in sayar ko in tuƙa, amma wannan zaman ba na mai lafiya ba ne. Abokanmu na harkar kuma sun ce in ci gaba, barinta cin amanar Yaya ne. Na sayo sabon resor don in ɗaga ta ta koma mota kamar ta kowa, na ɗauki sifana, da na ga wurin da Yaya ya yanka da hannunsa sai na kasa. Abin kunyar ma, ranar da na je sayen resor ɗin, na tsinci kaina ina taya wasu janti. Ashe ciwon yana nan. Akwai wanda yake son sayen motar, amma ya faɗa mini gaskiya, farfasa ta zai yi ya sayar da kayan.

Ina cikin wannan sai ga 'yar Yaya, ita kaɗai ya bari, za a ɗaura mata aure nan da sati uku da wanda take so. Ta same ni a rumfa da murnarta, da Hausarta da ta cakuɗe da Faransanci. Ta ce Papa ya yi mata alkawari tun tana ƙarama cewa a motar nan za a kai ta ɗakinta, kuma tunda motar ce ta ɗauki mahaifinta a tafiyarsa ta ƙarshe, ba ta son wata. Na ce mata babu kujerar baya, ta ce gaba za ta zauna kusa da ni. Na ce motar ta daɗe ba ta tashi ba, ta yi dariya ta ce ta san hannuna. Gidan mijin kuwa yana gaba da asibitin kaɗan, hanya ɗaya ce, babu wata. Da za ta tafi sai ta juyo, ta kira ni baffa da Faransanci, ta ce, "Tonton, kar ka ɗaga ta fa. In mun zo tudun nan ka karkata ta a hankali yadda kuke yi da Papa, ƙawayena za su ɗauki bidiyo."

Na ce mata to. Ban san yadda aka yi bakina ya faɗa ba.

Yanzu ku gaya mini, 'yan uwa. In sayar da motar kafin bikin in ce inji ya mutu, in karya alkawarin mamaci da ƙarya? In zaunar da yarinyar in faɗa mata abin da na yi a hanyar nan, in ɓata mata ranarta, wataƙila ta daina kallona a matsayin uba? Ko in yi shiru in tuƙa ta, in karkata motar sau bakwai tana gefena tana dariya, sannan in miƙa makulli ga mai farfasawa? Wanda ya taɓa barin abin da ya yi rabin rayuwarsa a kai, don Allah ya faɗa mini ta ina ake farawa. Ita dai ta riga ta sayo furannin da za a manna wa motar, suna ɗakina.