Gonar Goron Akim Ba Ta Haƙa Ba Ce

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Azara Issaka, malamar makaranta, mazauniyar unguwar Maamobi a birnin Accra, nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina ƙalau yake, ya ma fi na wasu da na haifa. Likita ya ce hawan jini ya taɓa mini ƙoda, ya kuma hana ni fushi. Na gaya masa ya zo gidana ya kwana biyu, sannan ya sake ba ni wannan shawara.

Zuwa ga 'ya'yana uku: Abdul-Mumin, Ruhaina da Razak.

Na ɗaya. Babu wasiyya ga magaji, na san wannan tun kafin limamin layinmu ya fara gemu. Saboda haka ƙananan kayana na raba su tun ina numfashi. Zannuwa da tukwane na Ruhaina ne. Littattafai na Razak ne, kuma karanta su ake yi, ba tokare ƙafar gado ba. Abdul-Mumin, na ba ka tabarauna, ko Allah zai sa ka fara ganin abin da ke gabanka.

Na biyu, kuma shi ya zaunar da ni rubutu: gonar goro da mahaifina ya bar mini a ƙauyen can na ƙasar Akim. Kakanku fataucin goro ya kawo shi ƙasar nan. Da ya gaji da sayen na mutane, ya nemi fili a bakin rafi ya dasa nasa. Goron da aka raba ranar sunan kowannenku daga nan ya fito. Ganyen da muke naɗe goron a ciki don ya kwana ɗanye, a bakin wannan rafi yake tsirowa. Ziblim da iyalinsa ne ke kula da ita, kuma da ita na biya kuɗin makarantarku, har da na wanda bai amfana ba.

Yanzu 'yan galamsi, masu haƙar zinariya ba izini, sun cinye ƙauyukan da ke kewaye. Na je na gani da idona. Kogin da muka yi wanka a ciki muna yara ya koma kalar koko, sai dai ko kare ba ya sha. Inda gonaki suke, ramuka ne cike da ruwa da sauro. Rafinmu kaɗai ya rage da ake ganin ƙasansa, ƙauyen duka nan suke ɗiba.

Sai ga ɗana na fari, wanda na yi naƙudarsa kwana da yini, ya kwashi masu zinariya a mota ya kai su ganin gonar uwarsa, uwar tana raye tana shan magani. Abin da ya cece ni shi ne ɗan Zongo ne, tashin birni. Ya ci goro tun haƙoransa na madara, amma bai taɓa ganinsa a bishiya ba. A saninsa goro a kwando yake tsirowa, a kasuwar Nima. Ya zaga gonarmu yana neman jajayen 'ya'ya a rassa, bai gani ba, domin goro cikin koren kwanso yake ɓuya. Sai ya tsallaka gonar maƙwabci, ya ga kwanson koko, wanda ake cakulan da shi, ja yana reto a jikin itace, ya buga ƙirji ya ce ga gadonsu nan. Suna cikin auna ƙasar mutane mai gonar ya fito da adda, tsoho ne amma ƙafarsa lafiya. An ce Abdul-Mumin ya riga motar isa bakin titi. Takalminsa ɗaya yana can har yau, tsohon ya rataye shi a kan sanda yana korar tsuntsaye.

Abdul-Mumin, ka ce mini ai kowa yana yi, in ba mu sayar ba wani zai sayar. Na ji. Kowa ma yana zuba shara a kwata in hadari ya haɗu, shi ya sa kowa yake kwashe ta daga ɗakinsa in ruwa ya sauka. Zinariya sau ɗaya ake tono ta. Goro kuwa ya yi sunanka, ya yi aurenka, kuma da ka bar shi zai yi sadakar mutuwarka.

Na uku. Gabar da ke tsakaninka da Ruhaina ta ƙare yau. Ba ita ta kai mini tsegumi ba. Ƙauyen duka ne suka bugo waya, wasu dariya ta hana su magana. Ruhaina, ke kuma ki daina kiran yayanki Mai Takalmi Ɗaya a gaban matarsa.

Na huɗu. Shari'a ta ba ni ikon sulusin dukiyata, kashi biyu naku ne, ba zan taɓa rabon Allah ba. Sulusina na gonar na mayar da shi wakafi: goronsa na masu suna da aure ne a Maamobi waɗanda ba su da halin saye, Ziblim ya ci gaba da kula, a ba shi haƙƙinsa. Na zaɓi sulusin da kaina, a gaban limami da dattawan ƙauye. Shi ne bakin rafi duka, da gefen da hanya take shigowa. Naku yana ciki, dutse ta baya, tsoho mai adda ta gefe. Duk mai son shigar da katafila sai ya sauko da ita daga sama.

Na biyar. Na san ɗan yau, takarda ba ta tsayar da shi. Don haka in na cika, kada a kai ni maƙabartar Accra. A yi mini wanka da sallah a Maamobi, a sa ni a mota ranar, a binne ni a bakin hanyar gonar, daidai inda taya za ta taka. Sarkin ƙauye ya yarda, ya ce bai taɓa samun mai gadi kyauta ba. Masu galamsi ba sa tsoron hukuma, amma ban ga direban da zai hau kabarin malamar makaranta ba. Razak, kai za ka zauna gaban mota, kai ne ka san gonar. Kada a bar yayanka ya nuna wurin, kar a wayi gari an binne ni a gonar koko.

Na yafe muku nonon da kuka sha, har da kai Abdul-Mumin, domin fushina bai taɓa kai son da nake maka ba. Ku riƙe juna. Duk kakar goro ku je tare, ku da 'ya'yanku, ku yi mini addu'a, ku sha ruwan rafin nan, ku nuna wa yaran bishiyar da hannu. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku arzikin da ba ya barin rami a bayansa. In kuma wani ya zo da katafila, to ta kaina zai fara, kuma wannan karon babu likitan da zai hana ni fushi.

Mahaifiyarku,
Azara Issaka