Ku Yanka Akuyar Ku Ci

Zuwa ga Yaya Zibiya a Tekowa,

Gaisuwa mai yawa daga Sidon. Yaya ƙafar Inna? Yaya yara da tumaki? Mu lafiya lau, kifi har ya gundure mu. Mijina Ahikam ya samu aiki a marina, hannuwansa sun koma shunayya, ina tsokanarsa wai ya zama basarake.

An ce har yanzu kina kiwon akuyar nan don hadayar zunubinsa. Yaya, ku yanka ku ci. A gabanki firist ya ce hadayar akuya ta mai zunubi bisa kuskure ce. Mijina kuwa, don ya ji haushin dattawa, ana tsakiyar Idin Ƙetarewa ya zauna a ƙofar gari ya ci gurasa mai yisti, wadda aka haramta a kwanakin idin, har da lasar yatsa. Wanda ya yi da gangan sai a raba shi da jama'arsa. Ni na ga dama na biyo shi, ki daina yi min kuka. Asabar ce kawai take mana tsawo, babu mai leƙo mu.

Ga abin dariya. Idi ya matso, jiya na same shi durƙushe yana share ƙarƙashin tukwane, yana tsince ɓarɓashin gurasa.

Na ce, "Maigida, wa zai zo duba mu a nan?"

Ya ce, "Ke dai, tururuwa nake kora."

Ban taɓa ganin tururuwa a gidan nan ba.

Ki ba fatake ganye mai ɗaci na bayan gidanmu, irin wanda ake ci a Idi, su kawo min, wanda zai ishi mutum biyu. Ubangiji ya tsare ku.

Ƙanwarki,
Hogla