Hular Kwanon Abdulhakeem

Kano, 9 ga Nuwamba

Assalamu alaikum Abban Saffana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya kasuwa, ya yara? Jikin Hajiya da sauƙi, ta fara zama da kanta, tana gaishe ka.

Na ga bidiyon da ka turo, ban kuwa yi dariyar da ka so in yi ba. Da ka ce ɗan naka ya shiga ƙwallo a makaranta, na ɗauka ta ƙafa ce. Ashe ta Amurkawa ce, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga, wani ya zo ya yi karo da kai. Na ga wani ƙato ya maka shi da ƙasa, na kuma ji muryarka kana tafi. Shekararsa takwas fa. Na karanta cewa wuyan yaro bai yi ƙwarin da zai riƙe kansa a irin wannan karo ba. Don Allah ka cire shi. Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya yara na jinmu.

Taka,
Radiyya

Guangzhou, 11 ga Nuwamba

Wa alaikumussalam uwargida sarautar mata,

Muna lafiya. A gaishe min da Hajiya da jiki.

Ke dai da tsoro! Mu da muka yi langa da kokawa a Fagge ba ko hula, ga mu da kanmu garau. Ƙaton da kika gani ma sa'ansa ne, madara ce ta yi masa yawa. Kuma hular kwanon da ke kansa ba irin ta sauran yara ba ce. Makaranta ta ce a saya a wurinsu, na ce ni da ke zaune a bakin masana'anta? Ranar da aka tashi baje kolin Pazhou, wani lawban, wato maigida da Sinanci, da muke hulɗa da shi, mai kamfanin kayan wasanni, ya sauko da ita daga kan kantar rumfarsa ya ba ni kyauta. Samfur ce, kin kuwa san samfur ya fi kayan kwantena kyau. Ki kwantar da hankalinki.

Naki,
Saifullahi

Guangzhou, 17 ga Nuwamba

Salama alaikum Anti Radiyya,

Ina gaisuwa, ya mai jiki? Yaya Saifullahi bai san na rubuto ba. Kin bar min amanar yara, shi ya sa.

Ranar Asabar an yi wasa, an buge Abdulhakeem. Na ji ƙarar daga inda nake zaune. Ya ɗan kwanta, ya tashi yana layi, Yaya ya ɗaga murya, "Namijin duniya, koma!" Ya koma. Da muka zo gida ya amayar da abincin rana. Yaya ya ce zafin gudu ne, ya shafa masa man zafi a goshi. Jiya na zaunar da shi hadda, ya tsaya cak a tsakiyar Tabbat yada, yana kallona kamar ni ce zan faɗa masa sunansa. Ya ce in kashe fitila, haske na sukar idonsa.

Na ɗauki hular zan goge, na ga tsagewa ta ciki, soson kuma siriri kamar na takalmi. Akwai ɗan rubutun Sinanci a liƙe. Na haska da waya ta fassara: na nuni ne kawai, ba a wasa da shi. Na nuna wa Yaya, ya duba, ya fita. Akwai wani wasan Asabar mai zuwa. Ki yi masa magana, ke yake ji.

Ƙanwarki,
Madina

Guangzhou, 19 ga Nuwamba

Assalamu alaikum Radiyya,

Ina fatan kina lafiya. Na ga kiranki, na kasa ɗauka. Muna asibiti tun jiya.

An ɗauki hoton kansa. Likita ta ce ba ta ga jini ba, amma ƙwaƙwalwar ta girgiza, za su riƙe shi su ga yadda zai kasance. Na nuna mata hular. Ta ce ko ta gaske ce, ƙoƙon kai take karewa, ba ta hana abin da ke ciki jijjiga. Ta tambaye ni wa ya mayar da shi fili bayan ya faɗi. Mai yi mana tafinta na jiran amsa, na ce ni ne. Ta ce da an sake buga shi a wannan halin, da wata maganar ake yi.

Abin da ke tsorata ni shi ne tambayarsa. Zai dube ni ya ce, "Abba, mun ci wasan?" An lallasa su, amma sai in ce kun ci. Ya yi murmushi. Kafin in gyara zama ya sake tambaya, da murya ɗaya, kamar bai taɓa yi ba. Madina takan fita ta yi kuka ta dawo. Ban san ko haka zai zauna ba, likitar ma ba ta yi min alkawari ba. Ki sa Hajiya ta yi masa addu'a. Ki yafe min.

Saifullahi

Guangzhou, 21 ga Nuwamba

Salam Radiyya,

Na ga saƙonki, zan tarye ki a filin jirgi.

Da safen nan ya sha kunu, ya harare ni ya ce, "Abba, ai cinye mu aka yi. Me ya sa kake ta cewa mun ci?" Na rungume shi ina hamdala.

Yanzu kuma tambaya yake yaushe zai koma fili, wai su rama. Na ce sai Ummansa ta zo. Ki taho da amsar, ni bakina ya mutu.

Allah ya kawo ki lafiya.
Saifullahi