Sun Ce Allah Ya Ce In Kori Surukina

Goggo mai shawara,

Don Allah ki taimake ni. Amma tun farko in gaya miki, ban rubuto don a ba ni haƙuri ba. Haƙuri na sha shi har ya ginshe ni. Tambaya ce da ni, amsa nake so.

Ni tela ce, shekarata arba'in da huɗu. Shagona ɗaki ne a gaban gidanmu, keke biyu da teburin yanka. Mijina ya rasu a haɗarin mota shekara ɗaya da wata biyar da suka wuce. Ya bar ni da 'yarmu guda, budurwa ce yanzu, da mahaifinsa da muke ce wa Baba. Baba kafinta ne a da, ƙofofin gidan nan duk aikin hannunsa ne. Shekara uku ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya daina magana. In yana son abu sai ya buga cokali a jikin kofi, in ɗaga ƙafa daga keke in je. Ni ke masa wanka, ni ke juya shi, ni ke masa aski.

Bayan rasuwar abubuwa suka yi ta zuwa a jere. 'Yata ta faɗi jarrabawa. Wutar lantarki ta ƙona mini keke ɗaya. Ni ma na kwanta zazzaɓi mako biyu. To, a ƙungiyar addu'armu ta ranar Laraba akwai wata da muke kira Mama Wuta, don in tana addu'a "wuta! wuta!" take yi har muryarta ta dishe. Rannan muna tsakar addu'a sai ta tsaya, ta nuna ni da yatsa a gaban mata kusan talatin. Wai Ubangiji ya nuna mata wani tsoho zaune a bakin ƙofata ya tare albarka, shi ya ci ɗansa, kuma ni ce ta gaba in ban fitar da shi cikin kwana bakwai ba. Mata suka ɗauki amin. Goggo, har da wadda na ɗinka wa kayan auren 'yarta.

Ba zan ɓoye miki ba, na tsorata. Kwana uku ina kallon Baba ta wutsiyar ido. A rana ta huɗu da safe ina masa aski, na tallafo haɓarsa, sai na ga yana kallona da irin idon mijina. Ban ji murya a kunne ba, ban ga wani haske ba. Wani abu ne kawai ya sauka a zuciyata a hankali, cewa wannan tsohon ubana ne, ba zan yar da shi ba. Tsoron ya fita kamar an zare mini ƙaya. Na san daga Allah ne, kuma ko duniya za ta taru ba mai canja mini wannan.

A rana ta bakwai da hantsi sai ga Mama Wuta da matan ƙungiya, su shida, da kwalbar man shafewa, wai sun zo tsarkake gidan. Kafin in fito daga shago sun shige ɗakin Baba, sun kewaye gadonsa suna ihu. Mutumin da ba ya iya cewa uffan, hawaye kawai ke gangara cikin kunnensa. Na shigo da tef a wuya, almakashi a hannu. Mantuwa ce, amma ta yi amfani. Na ce, "Mama, Allahn da ya ba ki saƙo ya san hanyar gidana. Mun yi magana da shi, bai ce mini haka ba. Ku fita." Ta ce na yi wa Ruhu Mai Tsarki tawaye. Na ce ta ja mini ƙofa.

Wata biyu ke nan ban taka coci ba. A raina ina jin Allah ne ya ce in rabu da su duka. Fasto ya zo sau biyu, daga bakin shago na gaishe shi, ko kujera ban ba shi ba. Ƙanin mijina ma ya zo, wai in bar shi ya ɗauki Baba ko na wata guda in huta. Na ƙi. Na ce ni Allah ya ba amana. Wa ya sani ko su suka turo shi?

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, makon jiya gyangyaɗi ya kwashe ni a kan keke, allura ta shige yatsana. 'Yata tana ɗaure mini sai ta ce, "Mama, ke ma fa yanzu komai Allah ya ce. Me ya raba ki da Mama Wuta?" Na daka mata tsawa, amma maganar ta ƙi fita raina.

Baba dai ba inda za a kore shi, ba a kan wannan nake neman shawara ba. Amma yaya mutum zai bambanta muryar Allah da muryar kansa? Kuma dole sai mai ihu Allah ke yi wa magana?

Taki,
Tela Mai Taurin Kai

AMSAR GOGGO

'Yar'uwata tela,

Ba zan ba ki haƙuri ba tunda kin ce ya ishe ki. Sannu da aiki zan ce, kuma kin yi daidai da kika kore su. Lallai Allah na magana da mai riƙe da reza kamar yadda yake magana da mai riƙe da makirufo.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Allah ba ya saɓa wa kansa. Abin da ya faɗa a Maganarsa kan girmama iyaye da kula da marasa ƙarfi, ba zai zo ranar Laraba ya soke shi ba. Sannan a duba abin da saƙon ya haifa. Nata ya haifi tsoro, da zargi, da wa'adi, da hawayen tsoho marar lafiya. Naki ya kawo natsuwa, ya kuma tura ki ga ƙauna mai wuya. Ban ce Mama Wuta ƙarya ta shirya ba. Mutum na iya jin tsoron da ke cikinsa ya ɗauka wahayi ne, ya yi ɓarna da zuciya ɗaya.

To, nan fa zan taɓa ki. Ki ɗora sauran saƙonnin biyu a kan ma'aunin nan. "Rabu da su duka" yaushe ya zo? Bayan an ɓata miki rai. Bai nemi komai daga gare ki ba, sai ma ya yi wa fushinki daɗi. Muryar da kullum take goyon bayan fushinmu, yawanci tamu ce. Shi kuma ƙanin mijinki, Baba ubansa ne, umarnin da kike bi shi ma ya hau kansa. Ba korar tsoho ya zo yi ba, ɗaukar nauyinsa ya zo yi. Matar da barci ke sacewa a kan keke ta gaji, kuma in kika faɗi, wa zai juya Baba?

Ga abin da za ki yi. Ki ba fasto kujera, ki zayyana masa komai, ki tambaye shi matakin da zai ɗauka. Ki nemi waɗannan mata su zo su roƙi gafarar Baba a ɗakin da suka yi masa ihu. In faston ya goyi bayansu, ki nemi wata ikilisiya, amma kada ki zauna ke kaɗai kina yi wa kanki wa'azi. Ki samu mutum ɗaya ko biyu masu zurfin bangaskiya waɗanda za su iya ce miki a'a. Ƙanin mijinki ya fara da zuwa gida Asabar da Lahadi, ki koya masa wanka da juyi. Maganar tafiya kuwa ki tambayi Baba da kansa, bakinsa ne ya rufe, kunnensa na ji. Ki kuma nemi afuwar 'yarki. Ba ta daidaita ki da matar nan ba, hanya ta tare miki kafin ki yi nisa.

Allah ya ba Baba sauƙi, ya ba ki barci mai daɗi, ya kuma ba ki kunnen da zai gane shi ko da ta bakin wanda kike fushi da shi ya yi magana.

Goggo