Kwalaben da Ba Sa Yanka

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Maitukwane,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa mutanen gida suna nan lafiya. An yi mini aikin yanar ido a Kano, kuma idon ya buɗe. Da na san abin da zan fara gani da shi, da ban yi gaggawar zuwa asibitin ba.

Na san takarda ba ta isa inda kike. Ko kina raye ma sai an karanta miki. Amma shekara tara ke nan ba ni da wanda zan kai wa ƙara a gidan nan, kuma ƙarar yau ta fi ƙarfin in haɗiye ta.

Inna, ƙanena Sabo ya kwashe ɗakin.

Ɗakin da kike jera tukwanenki kafin kasuwar Juma'a nake nufi, wanda na sa wa kwaɗo bayan kin daina gini. Ba ki taɓa ganin abin da ke ciki ba, don haka bari in faɗa miki yanzu, tun da babu sauran abin ɓoyewa.

Kin tuna lokacin da ƙafafunki suka ƙi, kika daina zuwa bakin kogi ɗibar yumɓu? Wata rana na ji kina gaya wa Lami matar Sabo cewa ba yumɓun kike kewa ba, wannan walƙiyar da ruwa yake yi da hantsi ita ce ta tsaya miki a rai. A ranar na ƙudura zan kawo miki kogin har gida.

Abin da na yi karatu a kansa ke nan. Kin sayar da randuna da tuluna kin tura ni Zariya na koyi zane da sassaƙa. Na dawo ina sassaƙa mutum-mutumi, kika kawar da kai, malaman unguwa suka yi magana, na bari. Na koyar da zane a makarantar sakandare har ranar da aka ce darasin ɓata lokaci ne, aka miƙa mini rajistar masu makara in riƙa tsayuwa a bakin ƙofa. Takardun shaidata suna nan a akwati, gara ma ta ɗanɗana ta ƙyale. Amma akwai abu guda da na riƙe daga karatun: mutum yana iya haɗa tarkace iri-iri ya cika ɗaki da su, mai kallo ya shiga cikin aikin da ƙafarsa maimakon ya tsaya daga nesa. Babu siffar mai rai a ciki, babu abin da zai sa ki kawar da kai.

Na samo tsohon taru a wajen wani masunci na shimfiɗa shi a ƙarƙashin rufi. A jikinsa na rataye gilasai da zaren fatsa, kowanne da tsawonsa. Koriyar kwalba ita ce zurfin ruwa. Kwalaben magani masu ruwan ƙasa su ne kogin damina idan ya ɗauko laka. Farin gilashin mota, wanda nake tsinta a bakin titi kusa da gada, shi ne inda rana take dukan ruwa. Na huda bangon gabas daidai faɗin faifai, domin hantsi ya shigo ya ratsa su ya zuba a ƙasa. A gefe kuma na jera tsingaron tukwanenki ya zama gaɓar kogi, na zaɓi masu ɗauke da shaidar babban yatsanki, wadda kike dannawa a ƙarƙashin baki don a san ginin naki ne.

Kowane gilashi sai da na goge bakinsa a kan dutse da ruwa har ya daina yanka. Wani yakan ci mini yini guda. Na yi haka ne don ina hango ki kina shiga ba takalmi, kina kai hannu kina taɓawa.

Garin nan kuwa ya samu abin dariya. Malam Kwalba, sunana ke nan daga tasha har bakin kasuwa. Masu shayi su ce boko ya taɓa ni. Wata tsohuwa ta taɓa tare ni a hanya tana rage murya, wai in taimaka mata da abin da nake rufewa a kwalabe, jikarta ba ta barci. Mutanen da na koya wa riƙe fensir, yau suna wuce ni a mota suna ɗaga mini hannu kamar ana gaida mai taɓin hankali. Wani mai shirya baje kolin zane ya zo daga birni, ya leƙa, ya ce zai dawo da masu ɗaukar hoto. Gemuna bai gama fari ba a lokacin.

Duk wannan na shanye. Abin da ya faru ina asibiti shi ne ya ƙi wucewa.

Ɓarayi sun haura sun ɗauke awaki biyu. Sabo ya kira birkila ya ƙara wa katanga tsawo, birkila ya ce a nemo fasassun kwalabe a kafa a kai. Lami ta ce ai ga ɗaki guda cike da su. Suka ɓalle kwaɗon. Tarun yana kan akurkin kaji yanzu. Gilasan suna cikin siminti. Tsingaronki kuwa an zuba shi a kwatamin ƙofar gida don masu babur su daina zamewa.

Ko ƙyallen idon ba a gama cire mini ba Sabo ya tare ni da fara'a. "Yaya, mun rage maka shara," in ji shi. "Sai dai birkila ya yi ƙorafi. Ya ce kwalaben nan naka ko kaɗan ba sa yanka, ɓarawo zai iya zama a kai ya ci goro."

Shekara goma sha ɗaya ina kashe musu kaifi, Inna, kuma aibin da aka samu a aikina ke nan. Ban zage shi ba. Ƙanena ne, da furfurarsa, kuma har ga Allah yana ganin alheri ya yi mini. Wannan ya fi zagi ciwo, domin babu wanda zan kama da faɗa.

Washegari da hantsi ina zaune a tsakar gida, rana ta bugi kan katangar. Kore da fari da ruwan ƙasa suka zubo a kan turmi da igiyar shanya, a karkace, babu tsari, ba ko rabin abin da na shirya ba. Lami ta saki tsintsiya. "La ilaha! Yaya, ashe abin kwalliya ne? To me ya sa ba ka taɓa nuna mana ba?"

Na buɗe baki in ce don ba za ku gane ba. Sai na fasa, domin tambayar ba tata ba ce. Taki ce.

Ni ne ɗanki na fari. Ba ki taɓa kiran sunana ba, ba ki taɓa roƙona wani abu kai tsaye ba. Idan kina so in ji magana, sai ki faɗa wa wani a inda kunnena yake. Sau uku ina ji kina cewa Lami, "Ko mai ɗakin kwalabe zai buɗe mana mu gani, tun ido bai ƙare ba?" Sau uku ina amsawa daga zaure cewa saura kaɗan. Da duk karatuna ban gane cewa iyakar ƙarfin muryarki ke nan ba. Ina jiran koren ya daidaita, ina jiran in samu shuɗin gilashi, ina jiran ranar da zan buɗe ƙofa kowa ya yi shiru ya san ba mahaukaci kika haifa ba. Na ce don ke nake yi, alhali rabin aikin don in kunyata masu shayi ne.

Kin sha faɗa wa masu koyon gini cewa tukunyar da aka hana wuta don tsoron fashewa, har gobe laka ce. Ina jin ki, ina ɗauka da su kike.

Har yanzu ina fushi, kada ki zaci na huce. Ina fushi da garin da bai san amfanin gilashi ba sai yanka ɓarawo, da ƙanen da bai iya jira mako biyu ya tambaye ni ba. Sabo ya ce zai kira birkila a ɓamɓaro su. Na ce ya bari, siminti ba ya sakin gilashi sai a farfashe.

Jiya na naɗe wando na shiga kwatamin da hannuna, masu wucewa suna kallo, na ba su sabon labari. Babura sun riga sun niƙe kusan duka. Guda ɗaya na samu da shaidar yatsanki a jiki. Na wanke shi, na rataye shi a gaban hudar bangon gabas, tare da gilasai bakwai da suka faɗa bayan ƙofa birkila bai gani ba. Ba kogi ba ne. Ko cikin kasko bai kai ba. Amma na cire maratayin kwaɗon gaba ɗaya, na tokare ƙofar da dutsen da nake goge gilasan a kansa. Ban gama ba, kuma ba zan gama ba. A buɗe yake.

Ki yafe mini, Inna. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba ki gida a inda ƙoramu suke gudana, ki ga walƙiyar da na hana ki. Ya sassauta mini wannan zuciyar kafin in biyo ki. Amin.

Ɗanki na fari,
wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba.