An Sa Inna Ta Dafa Alƙur'ani a Kan Ƙuri'arta

Assalamu alaikum Hajiya Kulu,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi nadama. Kwanakin nan ko gaishe ni mutum ya yi sai in ji kamar in rufe shi da faɗa.

Ni ɗan Ƙofar Durbi ne a Katsina, amma na daɗe a Fatakwal ina gyaran janareta. Mu uku ne wurin mahaifiyarmu: ni, sai Rashida, sai autanmu Siddiƙu. Rashida ma'aikaciyar jinya ce. Ta gaji da ganin ruwa yana cin gidajen mutane duk damina saboda kwalbatin da ya toshe, ta gaji da tura mata neman maganin da babu shi a asibitin unguwa, sai ta ajiye aiki ta fito takarar kansila. Mijinta ya yarda, ni ma na ce Allah ya taimaka.

Siddiƙu kuwa almajirin wani mai wa'azi ne, Malam Gwadabe. Zan faɗi gaskiya. Lokacin da yaron nan ya gama karatu ya rasa aiki ya faɗa shaye-shaye, ba gwamnati ce ta tsamo shi ba, ba kuma ni ba ne. Malam Gwadabe ne, kuma har gobe ina gode masa. Amma yanzu malamin ya ɗauko wani Alhaji Ado ya ce shi ne ɗan takarar Musulunci. Sai ka ce Rashida gunki take bauta wa! Alhaji Adon nan, a zaɓen da ya wuce da yake wata jam'iyya, bakin Malam Gwadabe ne ya kira shi fasiƙi. Bai sake hali ba, hula kawai ya sake.

A masallacin ƙofar gidanmu, wanda mahaifinmu ya gina, ake wannan wa'azi. Lasifikar da ke kan rufin ni na saya na aika, don tsofaffi su riƙa jin kiran sallah. Da ita ake shelar cewa wanda ya zaɓi mace ya saɓa wa Allah, wai tsarin mulkin ƙasa rubutun kafirai ne, daga kujerar kansila za a fara rushe shi. Inna tana tsakar gida tana jin ana zagin ɗiyarta da lasifikar ɗanta.

Duk wannan na haɗiye. Ga wanda ya tsaya mini a wuya. Wata Alhamis bayan la'asar Siddiƙu ya tara matan layinmu a gidanmu, wai addu'ar zaman lafiya za a yi saboda 'yan bindiga. Wa zai ƙi zuwa? Ya sauko da Alƙur'anin mahaifinmu, rubutun hannu, wanda ke rataye cikin gafakarsa a ɗakin Inna tun rasuwarsa. Inna da alwalarta, ita aka fara miƙa wa. Ta dafa, yana faɗa tana maimaitawa. Sai da ta kai ƙarshe ta gane rantsuwa ta yi cewa Alhaji Ado za ta dangwala wa, in ta saɓa Alƙur'ani ya ci ta. Da mata suka ga uwar 'yar takara ta dafa, sai suka bi layi.

Tun ranar Inna ta daina kwana a ɗakinta, tsoron gafakar take. Jininta ya hau, abinci sai an yi da gaske. In Rashida ta zo gaishe ta sai ta juya fuska bango tana hawaye. Na ce mata a waya babu mai ganin abin da mutum ya dangwala, ta ce Mai Littafin yana gani.

Na kira Siddiƙu, ya ce ceton Inna ya yi daga wuta, ni kuma zaman kudu ya narkar mini da imani. Ni! Hajiya, nan da nake, mai gidan da nake haya Kirista ne, maƙwabtana ma haka. Abin da ya sa nake shimfiɗa darduma a bakin shago ba mai ɗaga ni, dokar ƙasar nan ce da ba ta tambayar addinin mutum. Ran da kowane gari ya ce addinin masu rinjaye shi ne gwamnati, mu na waje ne za mu fara ɗaure kaya. Siddiƙu bai taɓa wuce Zariya ba, ina zai sani?

Na riga na yi magana da wani kafinta ya je ya kwance lasifikata, ya danna wa masallacin kwado. Na kuma yi niyyar in sa Inna ta sake dafawa cewa Rashida za ta zaɓa, rantsuwa ta kashe rantsuwa. Zaɓe ya matso, tsohuwa tana ƙarewa. Mi zan yi?

Naki,
Bakatsine a Fatakwal

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana Bakatsine.

Fushinka yana kan hanya. Kiran tsohuwa addu'a a ɗaura mata rantsuwa yaudara ce, ko wa ya yi ta, kuma ɗan takarar da sai an tsorata mata da Littafin Allah kafin su zaɓe shi ya riga ya faɗi abin da ke hannunsa. Amma dabarunka biyun nan, ajiye su.

Kada ka sa ta sake dafawa. In ka yi haka, me ya raba ka da Siddiƙu? Shi ya ɗaure ta ta dama, kai ka ɗaure ta ta hagu, ita kuma ta mutu a tsakiya. Kana yabon dokar da ta bar ka da dardumarka. Dokar nan ce ta bar Inna da ƙuri'arta.

Rantsuwa tana da mafita, kuma addini ne da kansa ya buɗe ta. Iyakar sanina, wanda ya rantse sannan ya ga alheri a wani wurin yana yin kaffara, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su. Ballantana wadda aka yaudara. Sai dai daga bakina ko naka ba za ta karɓa ba. Nemo malamin da ta yarda da shi tun mahaifinku yana raye, ya zo ya zauna da ita ya yi mata bayani. A kira matan layin su ji, don ba ita kaɗai ke kwana da wannan tsoro ba.

Kira kafintan nan ka dakatar da shi yau. In ka kulle masallaci, ka ba Malam Gwadabe huɗubar wata guda, kuma Rashida ce za ta biya. Lasifikar ma ta tashi daga taka tun ran da ka ba Allah ita. Ku tara dattawan unguwa da liman a yi ƙa'ida ɗaya: ba a ambaton ɗan takara a masallacin, ba Ado ba, ba Rashida ba.

Siddiƙu kuma, kada ka yar da shi. Yaro ne da ya ga mutum ɗaya ya tsaya masa ran da kowa ya kau da kai, shi ya sa yake bin sa ido rufe. Bar gardamar tsarin mulki tukuna. Kai shi gaban Inna ya ga yadda ta rame, ka tambaye shi ko wannan ne ceton.

Duk wannan ba ya yiwuwa ta waya. Rufe shagon ka hau mota. In an kwance mata rantsuwar, ka mayar da ita ɗakinta, ranar zaɓe ka raka ta har rumfa, ka tsaya daga waje. In ta fito kada ka tambaye ta.

Allah ya ba Inna lafiya, ya haɗa kanku, ya kai ka gida lafiya.

Hajiya Kulu