Takalmin Malkiya

Ni Shelomit ta Tekowa, matar marigayi Hoshaya, nake magana, Gemarya mai rubutu a ƙofar gari yake rubutawa. Ƙafafuna ne suka mutu, hankalina ƙalau yake. Kada wani ya ce gigin tsufa ne.

Na ɗaya. Gonar inabin da ubana ya ba ni ranar aurena, tawa ce, na ba Atara, matar ɗana Neriya da ya rasu bai bar ɗa ba. Ita ke juya ni a shimfiɗa, ita ke kwashe kashina.

Na biyu. 'Yata Ma'adana ta ɗauki dutsen niƙa da akuyoyi. Zoben hancina kuwa ta daina kallonsa, shi ma na Atara ne.

Na uku. Malkiya, babban ɗana, naka na cikin tulun da ke bayan murhu. Takalminka ne, ƙafar dama, wanda Atara ta kwance maka gaban dattawa, ta tofa maka yawu, ranar da ka ƙi aurenta don kada a haifi ɗan da zai gaji sunan ƙaninka da gonarsa. Kowa ya watse, ni na sunkuya na ɗauka.

Ka san yadda aka same ka. Mijina na fari ya mutu ba ɗa, ƙaninsa Hoshaya ya ɗauke ni. Bai so ni ba, ni ma warinsa ban so ba. Muka daure, ka zo, ka ci sunan mamaci da zaitunsa. Da Hoshaya ya yi irin taka, da babu kai.

Ubangiji ya albarkaci Atara da Ma'adana, ya ba su 'ya'yan da ba su yi kama da kai ba. Kada gidan nan ya rabu. Kowane Idin Ƙetarewa ku ci rago tare a ɗakina, har Malkiya. A ba shi wuri kusa da ƙofa, inda ake tuɓe takalma.

Sai bashi. Ma'adana, Atara na bin ki tulun mai, ki mayar cike. Gemarya ya karɓi kurciyoyinsa na ladan rubutu, an gama da shi. Kai kuma Malkiya, Neriya na bin ka ɗa, kuma tun da aka kwance takalmin nan, Dokar Ubangiji ta rufe maka hanyar biya. Neriya bai sani ba tukuna. Ina isa can inda yake zan gaya masa.